Ranar da Kantar Macizai Ta Yi Zafi

"Sharaɗina biyu ne," in ji Baba Duƙau. "In ka yarda mu shiga, in ba ka yarda ba in koma kan bencina, ko shayina bai huce ba."

Mai Macizai ya ce, "Faɗa, Baba."

"Na farko, tsintsiya ba ta shiga ɗakin nan sai na ce. Na biyu, a gaban mutane ka zagi mijin ƙanwarka, ko ba haka ba? To duk abin da na gano, a gaban mutanen nan za ka ji shi. In shi ya yi ɓarnar, ni zan raka ka ka kai shi gaban hukuma. In ba shi ba ne, bakin da ya zage shi shi zai ba shi haƙuri."

"Na yarda. Ai na san shi ne."

"In ka sani, me ya kai ka wurina?"

Mai Macizai ya miƙa hannu, suka tafa.

Baba Duƙau mai bin sawu ne. Sunan ya bi shi ne saboda tun yana saurayi ido a ƙasa yake tafiya, sai ka ce wanda allurarsa ta faɗi. A da sawun shanun sata yake bi. Da ya shigo gari sai ya koma bin babura da injinan wuta, ya ce duk ɗaya ne, ɓarawo bai taɓa koyon tashi sama ba. Abu ɗaya ne ba ya so a duniya, maciji. Ga shi yau an kawo shi gidansu.

Mai Macizai kuwa kiwonsu yake yi, yana sayar wa gidajen namun daji da masu sha'awar ajiye su. A wani ɗaki na bayan gidansa yake da doguwar kanta mai hawa-hawa, kowane hawa da robobi jere, ana jawo su kamar aljihun tebur, kowace roba da macijinta. Maciji ba ya ɗumama kansa, in ya yi sanyi ko abinci ba ya narkarwa. Shi ya sa aka shimfiɗa wa kowane hawa wani tef mai faɗin ɗamara wanda wuta ke bi ta cikinsa ya yi ɗumi. Mijin ƙanwarsa, mai gyaran wuta, shi ya haɗa wannan aiki, kuma kwanan nan ma ya ƙara masa hawa ɗaya.

Mai Macizai ya yi tafiyar kwana guda, ya bar makulli a gidan ƙanwarsa. Da ya dawo ya buɗe ɗaki, warin roba mai zafi ya buge shi. Wutar kantar a yanke. Ƙananan macizan hawa na sama duk sun mutu. Robar farar mesa, wadda ya fi ji da ita fiye da duk abin da ya mallaka, ta lanƙwashe ta baya, kuma ba kowa a ciki.

Nan unguwa ta ɗauka. Mata suka kwashe yara suka kulle ƙofofi, maza suka fito da sanduna. Mai Macizai ya tsaya a tsakiyar layi ya kira surukinsa ɗan ha'inci mai aikin ganin ido. Kafin azahar mutum biyu sun aika wa mai gyaran wuta cewa kada ya zo aikin da suka kira shi. Wanda ke cin abinci da wayar wuta, in aka ce aikinsa na ƙona gida, ai an gama da shi.

Baba Duƙau ya tuɓe takalma ya shiga ɗakin da bisimilla, yana rungume da rigarsa kada ta goga kantar.

"Suna kallona?"

"Ba ruwansu da kai, Baba."

"Ni da ruwana da su."

Ya durƙusa. Ƙasan ɗakin duk garin katako ne da ake shimfiɗa wa macizan. Ya daɗe yana dubawa, ya kwantar da kumatu kusa da ƙasa, ya leƙa ƙarƙashin kanta, ya bi gindin bango har bakin ƙofa. Sawun mutane kam ga shi nan birjik, masu sanduna sun tattake. Amma gefen bango da ƙarƙashin kanta ba wanda ya taka.

"Mesar nan kaurinta ya kai hannuna?"

"Ya fi."

"To je ka ce wa matan nan su saki 'ya'yansu. Abu mai wannan kauri ba ya ratsa gari irin wannan bai bar layi ba, kuma in gudu yake gindin bango zai bi. Mesarka ba da cikinta ta fita ba. Ɗaukarta aka yi."

Mai Macizai ya dafe kai. "Kenan ya sace ta, ya saki zafi don ya rufe sawu!"

"Kai dai ba ka gajiya da yanke hukunci. Kira min shi."

Mai gyaran wuta ya zo, siriri ne marar yawan magana, filaya a aljihun gaba. Bai ko kalli yayan matarsa ba.

Baba ya ce, "Ɗana, ni ban san wuta ba, ko fitilar hannu jikata ke sa min batir. Nuna min aikinka kamar kana nuna wa makaho."

Suka ɗan ja kantar daga bango, Baba ya leƙa bayanta. Wayoyi sun sauko a miƙe kamar an ja su da zare, kowacce a ɗaure da ƙarfen kantar. Duk inda waya ta haɗu da tef an matse ta da ɗan ƙarfe, an lulluɓe da baƙar roba ciki da waje, ko ƙwayar jan ƙarfe ba ka gani. Tef bai hau kan tef ba ko'ina. Baba ya taɓa mahaɗa ta hawan ƙasa, ya taɓa ta sabon hawa, duk iri ɗaya, kamar takun mutumin da ba ya sauri ba ya kuma tsayawa.

"Me ya sa tef ɗin bai cika faɗin hawan ba?"

"Ta baya kawai ake sa shi, Baba. Gaba a bar shi da sanyi. In maciji ya ji zafi ya matsa gaba. Shi ya sa manyan suka tsira. Ƙananan robobinsu gajeru ne, ga su a sama inda zafi ke taruwa, ba su da wurin gudu."

"Wannan akwatin mai lamba fa?"

"Ita ce na'urar daidaita zafi. Tef ba shi da hankali, in ka sa shi a soket kai tsaye zai yi ta zafi har ya narke. Sai ya bi ta cikinta. Ita kuma ba ta gani, sai dai ta taɓa." Ya nuna wata siririyar waya mai ɗan kai kamar ƙwayar wake. "Wannan ne yatsanta. A kan tef ɗin kansa ake manna shi. In ya ji zafi ya isa, ta yanke wuta. In ya huce, ta mayar. In kuwa yatsan ya bar jikin tef, iska zai ji, ya yi ta ce mata da sanyi, ita kuma ta yi ta ƙara wuta."

Yatsan yana reto a bayan hawan farar mesa, da guntun salatif mai ƙyalli a jikinsa.

Mai Macizai ya ce, "Ka gani? Yatsan ya faɗi! Mannawa ma bai iya ba. Wutar kuma ga ta ta yanke gaba ɗaya."

Sai a nan mai gyaran wuta ya juyo. "Yaya, wutar da ta yanke ita ta hana gidanka ƙonewa. Ka tuna ɗan makatsin da na sa a bayan na'urar, ka ce ina ƙara maka kashe kuɗi? Aikinsa kenan. In zafi ya wuce hankali ya katse komai. Salatif ɗin nan kuma na ƙarfe ne, na goge wurin da tsumma kafin in manna. Ba ya tashi sai an ɗaga shi."

Baba Duƙau ya kama guntun salatif ɗin ta gefe, ya kai shi bakin taga. Ɓangaren gam ɗinsa ya dusashe, akwai tabon babban yatsa mai maiƙo. Ya kai hanci, ya ja baya, ya sake kaiwa. Ya sunsuna bakin robar mesar ma. Ya naɗe guntun a ƙyalle ya sa a aljihu.

Daga nan ya je wurin ƙanwar Mai Macizai. Tana tsakar gidanta, idanu sun kumbura.

"Baba, ɗaya yayana ne, ɗaya uban 'ya'yana. Wa zan bi?"

"Bi tukunyarki kada ta ƙone. Wa ya karɓi makulli jiya?"

"Ba wanda ya karɓa. Mai ɓeraye ne ya kawo abincin macizai da safe, na buɗe masa ya ajiye keji a bakin ƙofa kamar kullum. Na dawo na duba girki, da na koma ya tafi, na kulle."

"Ba wanda kuma ya shiga gidan yayanki?"

"Gwaggo Tela ta shiga neman kazarta."

Gwaggo Tela ita ce maƙwabciyar da ta fi kowa tsanar macizan. Ta sha rantsewa sai ta ga bayansu. Tun daga bakin ƙofarta hancin Baba ya kama warin da yake nema: man zafi. Tana zaune a kan keken ɗinki, gwiwoyi a naɗe da tsumma.

"Duƙau, kai ma an aiko ka ka sunsuna ni?"

"Ai ba sai na matso ba, Gwaggo, man ki ya tare ni tun daga titi."

"Gwiwa ce, tsufa bai zo maka ba ne? Na ji abin da ake faɗi. E, na ce a kwashe su, yau ma ina cewa. Amma in shiga ɗakin? Ni da ko igiyar shanya na gani a ƙasa sai na yi salati?"

Baba ya duba hannuwanta. A bushe suke ƙaf, farin yadi take ɗinkawa ko ɗigo babu. Ga wani ɗan tsinken katako a cikin gwangwanin man, da shi take shafawa don kada ta ɓata kayan mutane. Babban yatsanta kuma ɗan ƙarami ne, rabin wanda ke kan salatif.

"In man zafi kake bi," ta ce, "rabin tsofaffin layin nan ka kama. Har yara sun fara. Wancan mai ɓerayen ma ran nan ya ce in sam masa."

"Ciwo yake yi?"

"Wa ya sani? Ƙato kamarsa. Wataƙila inda maciji ya taɓa saransa ne. Ba ka ji labarin ba? Hannu kawai ya miƙa zai gyara roba, mesa ta cafke shi. Ta ɗauka ɓera ne ya zo da kansa." Ta yi dariya har tana tari. "Tun ranar ba ya wuce bakin ƙofa."

Baba ya yi mata sallama da fara'a fiye da yadda ya shigo.

Mai ɓeraye yana da rumfa a bayan kasuwa, kejuna jere har sama, farare da baƙaƙe suna ta sukur-sukur. Mutum ne mai faɗin ƙirji da yawan dariya. Ya jawo wa Baba kujera.

"Baba, abin ya ba ni tausayi wallahi. Mai wutar nan dai a bar shi da Allah. Ni ina ajiye keji na juya, ka san ni da macizai."

"Na ji an ce suna son ka."

"So kai! Sabulu ba ya fitar da warin ɓeran nan, ya shiga fata. Matata ma sai ta ce in ci abinci da cokali."

Suna hira, Baba ba ya kallonsa, kejuna yake kallo. Na ɓangaren dama ɓeraye na ci suna wasa. Na ɓangaren hagu kuwa, kusa da wani shuɗin duro da aka ɗora wa dutse, duk sun dunƙule a kusurwa ɗaya, nesa da duron. Abincinsu yana nan ba su taɓa ba.

"Waɗannan ba su da lafiya ne?"

"Zafi ne, Baba."

"Allah ya sauwaƙe. Ka zo gidan Mai Macizai bayan la'asar, ana neman shaidu."

Daga nan ya biya ta wurin mai gadin kasuwa ya ce masa wani duro kada ya motsa.

Bayan la'asar tsakar gida ta cika. Mai Macizai a kan kujera, ƙanwarsa a bakin ƙofa, mijinta a jingine da bango, Gwaggo Tela da sandarta, mai ɓeraye, da duk waɗanda suka ji zagin safe. Baba Duƙau ya buɗe ƙyallensa.

"Wannan salatif shi ke riƙe da yatsan na'ura a kan tef. An ɗaga shi, an mayar, amma hannun da ya mayar yana da maiƙo. Gam ba ya kama maiƙo. Ya riƙe na ɗan lokaci, da ɗumi ya taɓa shi ya saki. Daga nan na'ura ta makance. Ku sunsuna."

Aka zagaya da shi. Wani ya ce, "Man zafi!" Duk ido ya koma kan Gwaggo Tela.

Ta ɗaga sanda. "Wanda ya sake kallona sai na gyara masa ido."

"Ku bar Gwaggo, da tsinke take shafa nata. Ni tambaya ɗaya na yi wa kaina. Wa zai shafe hannu da man zafi kafin ya taɓa maciji? Mai Macizai, kai me kake yi?"

"Sabulu kawai."

"Mai wuta?"

"Ni da maiƙo a hannu ba na taɓa waya, Baba."

"To sai wanda sabulu ba ya yi masa aiki. Wanda in ya miƙa hannu, mesa za ta ɗauka abinci ne ya zo."

Mai ɓeraye ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. "Haba Baba, man zafi a kowane shago akwai."

"Gaskiya ne. Shi ya sa ban tambaye ka ba, na tambayi ɓerayenka. Su ba su iya ƙarya ba. Mu tafi mu ɗaga dutsen da ke kan shuɗin duro, ko ka hutar da mu?"

Ƙaton nan ya zauna a ƙasa. Da ƙyar magana ta fito. Wani baƙo ne ya daɗe yana lallaɓarsa a kan farar mesar. Ya ga maigida ba ya nan, ƙofa a buɗe. Da ya miƙa hannu, warin man ya firgita ta, ta zille ta bayan roba ta naɗe wayar. Ya fizgo ta, yatsan ya biyo. Ya manna shi yadda ya gan shi.

"Wallahi na mayar da shi daidai! Ban yi nufin ko ɗaya ya mutu ba."

Mai gyaran wuta ya ce a hankali, "Da ka bar shi yana reto ka gaya wa matata, da na zo na gyara kafin ya yi ɓarna." Sannan ya juya ga yayan matarsa. "A ɗauko mesar yanzu. Ta kwana a duro ba ɗumi, sanyi zai kama mata ƙirji."

Kafin a dawo da mesar ya riga ya shiga ɗakin. Ya goge tef da tsumma, ya yanko sabon salatif, ya kwantar da yatsan ya danne, ya ɗaure wayar a jikin ƙarfe yadda ko an ja ba za ta biyo ba. Ya sauya tef ɗin da zafi ya ci, ya mayar da makatsi, ya tsaya da tafin hannu a kan hawan har na'ura ta yanke da kanta ta sake kamawa. Ba wanda ya roƙe shi. Baba Duƙau yana daga bakin ƙofa, iyakar inda zuciyarsa ta yarda ya tsaya, yana kallon hannun nan yana gyaɗa kai.

Da suka fito, Baba ya ce, "Mai Macizai, saura sharaɗi na biyu."

Mai Macizai ya matsa kusa da surukinsa yana ƙasa da murya.

"A'a," in ji Baba. "Da safe har bakin titi aka ji ka."

Ya ɗaga murya. "Jama'a, na zalunci mijin ƙanwata. Aikinsa ne ya hana gidana ƙonewa. Ka yafe ni."

"Ya wuce, Yaya. Amma ƙananan robobin nan a sauko da su ƙasa, na faɗa maka tun farko."

Gwaggo Tela ta ce, "Tunda aikinka ba ya ƙona gida, gobe ka zo ka duba min soket ɗin keke. Macizan dai har yanzu ina nan a kan bakana."

To, ga yadda aka tashi. Mai ɓeraye ya rasa babban mai sayen kayansa, ya rasa rumfarsa, ya kwana a hannun hukuma, baƙon nasa kuwa ko ƙurarsa ba a gani ba. Mai Macizai ya sami farar mesarsa da ranta, amma ƙananan da suka mutu sun mutu, kuma ya sha kunya a layin da ya yi ihu. Ƙanwarsa ta samu yayanta da mijinta a tabarma ɗaya. Mai gyaran wuta shi ya fi kowa riba: mutum biyun da suka ce kada ya zo, su suka riga kowa zuwa ƙofarsa, har da wasu a bayansu. Baba Duƙau ya karɓi ladansa ya koma benci. Asararsa ɗaya ce, shayin ya huce.